Kirep: yadda yamushewa ta raɗa wa yadi da abinci suna ɗaya

A ƙamus na Faransanci kalmar crêpe sau biyu take fitowa. Rubutu ɗaya ne, furuci ɗaya, amma jinsi biyu. Idan Bafaranshe ya ce le crêpe, ya mai da kalmar namiji, to yadi yake nufi, irin wanda fuskarsa ke da ɗan kaushi kamar an barbaɗa masa rairayi mai laushi. Idan kuwa ya ce la crêpe, ya mai da ita mace, to zancen ci ne: ƙullun fulawa da ƙwai da madara da ake shimfiɗawa a kasko ya fito falle guda marar kauri, a naɗe shi da kayan zaƙi ko na gishiri a ciki. Mai jin Hausa ba zai sha wahalar gane wannan dabara ba, tunda mu ma muna raba sunaye maza da mata. Turanci da ya aro kalmar ba shi da wannan rabo, shi ya sa a bakinsa yadi da abinci suka cakuɗe, kuma a cakuɗen nan mutane da yawa suka fara jin ta. A nan za mu riƙa rubuta ta kirep, sai inda rubutun asalin ne abin dubawa.

Tambayar da ta fi saurin zuwa ita ce wanne ya ara wa wani suna, yadin ko abincin. Babu wanda ya ara wa wani. Su biyun 'ya'yan uba ɗaya ne, wato kalmar Latin crispus, wadda sifa ce da ke nufin abin da ya nannaɗe ko ya yamushe. Rumawa sun fi amfani da ita ga gashin kai, har ta zama laƙabin mutane: cikakken sunan marubucin tarihin nan Salust ya ƙare da Crispus, haka ma aka kira babban ɗan Sarki Kwanstantin. A tsohon Faransanci ta koma crespe, tana nan dai a matsayin sifa, ana liƙa ta ga duk abin da ba shi da santsi. Da tafiya ta yi tafiya sai harafin s ya daina fita a baki, kuma a bugun ƙamus na 1740 majalisar kula da harshen Faransanci ta cire shi daga rubutu, ta ɗora 'yar hular nan a kan e don ta riƙe masa wuri. Abin da ya faru ke nan da forêt da hôpital da fête. Duk inda ka ga hular a crêpe, kabarin s ne.

Muhimmin abin da za a riƙe shi ne kalmar tun asalinta ba ta taɓa faɗin abin da aka yi abu da shi ba. Kamannin fuskarsa kawai take faɗa. Kusan duk ruɗanin da ke tattare da ita daga mantawa da wannan yake fitowa.

A wajen yadi ne kalmar ta fi cika sunanta, kuma yadda ake samar da yamushewar ya cancanci a tsaya a kansa. Duk zare murɗaɗɗe ne, domin murɗi ne ke riƙe silin auduga ko na ulu su zama igiya ɗaya. Zaren saƙa na yau da kullum yakan sha murɗi sau 'yan ɗaruruwa a kowace mita. Zaren kirep kuwa ana wuce gona da iri da gangan, a kai shi sau 2,000 zuwa 3,000 a mita, wani ma ya haura. Wanda ya taɓa murɗa igiya har ta ƙi, sannan ya sassauta hannu, ya ga abin da take yi: takan kanannaɗe ta hau kanta. Haka zaren kirep yake, kullum yana neman hanyar warwarewa. Da za a kai shi masaƙa a wannan hali da bai saƙu ba, sai a shafa masa danƙo ko sitati, ko a turara shi, ya kwanta na ɗan lokaci. Idan siliki ne ma yana tafe da nasa danƙon, wanda tsutsar ke haɗa gidanta da shi, kuma ya kai kusan rubu'in nauyin ɗanyen zaren. A haka ake saƙawa, yadin ya sauko daga masaƙa a miƙe, da tauri, babu alamar kaushi ko ɗaya. Sai an jefa shi cikin ruwan zafi da sabulu danƙon ya narke, zaren ya farka. Kowane sili ya yunƙura zai warware, maƙwabtansa sun danne shi ta sama da ƙasa, ba shi da wurin zuwa sai ya lanƙwashe a inda yake. Yadin ya tsuke, faɗinsa ya ragu, fuskarsa ta cika da ƙananan tudu da kwari.

Akwai wata dabara a ciki da ba a gani da ido. Idan duk zaren gefe ɗaya aka murɗa shi, yadin zai karkace gaba ɗaya ya bi wannan gefen. Saboda haka ake haɗa murɗin dama da murɗin hagu, waɗanda masu sana'ar ke kira S da Z bisa yadda tsakiyar kowane harafi ya jirkice. A jera biyu na wannan, biyu na wancan, ƙarfinsu ya kashe juna, yadin ya zauna daidai amma kaushin ya tsaya. Daga yadda aka raba wannan murɗi ne sunayen da ke kan bandir suka fito. A wanda ake kira kirep na Sin, wato crêpe de Chine, zaren gicciye ne kaɗai ke da matsanancin murɗi, na tsaye ba shi da shi, shi ya sa kaushinsa kaɗan ne kuma yana da ɗan sheƙi. A jojet, wanda aka sa wa sunan wata tela Bafaranshiya, Georgette de la Plante, a farkon ƙarni na 20, tsaye da gicciye duka murɗaɗɗu ne, sai ya fito shara-shara, da kaushi sosai, ba sheƙi. Akwai kuma mai fuska biyu, gefe ɗaya satin mai ƙyalli, ɗaya gefen kirep, tela ya juya wanda ya ga dama.

Abin da ya sa teloli ke son sa duk daga murɗin nan ne. Ƙananan tudun suna tarwatsa haske, yadin ba ya ɗaukar ido. Zaren da ya sha murɗi yana da nauyi fiye da kaurinsa, don haka yadin yana da zubi, yana bin jiki ya sauka. Yana ɗan miƙewa ya koma ba tare da roba a ciki ba, kuma tunda a yamushe yake tun farko, ƙarin yamutsi ba ya nunawa a jikinsa. Madeleine Vionnet, wadda ta shahara a Paris a shekarun 1920 da 1930 da yanka yadi a karkace maimakon bin tsayin zare, ta dogara ƙwarai da kirep don ya ba ta wannan zubi. Baƙar rigar tela Coco Chanel da mujallar Vogue ta Amurka ta buga zanenta a 1926, wadda har yau ake ba da labarinta, da kirep na Sin aka yi ta. Illarsa ma daga wuri ɗaya take: ruwa na sake tayar da zaren, shi ya sa kirep na gaske ke tsukewa a wanki, guga mai nauyi kuma na iya danne kaushin ya bar tabo mai sheƙi.

A nan gizo ke saƙar ga mai saye. Tunda sunan na kamanni ne, kowane irin zare na iya ɗaukarsa: siliki, ulu, auduga, biskos (zaren da ake yi daga itace), foliyesta. Kuma murɗa zare sau dubbai aiki ne mai cin lokaci da kuɗi, sai masana'antu suka nemo gajerun hanyoyi. Ta farko ita ce a bar zaren yadda yake, a hargitsa tsarin saƙar, zaren tsaye da na gicciye su riƙa haɗuwa ba bisa jeri ba, har ido ya kasa ganin layi ya ga tsakuwa-tsakuwa. Ta biyu, a ɗiga wa auduga soda mai ƙarfi a wasu wurare, inda ta taɓa ya tsuke, inda ba ta taɓa ba ya tattare. Ta uku, wadda ta fi arha, a bi ta kan yadin da ƙarfe mai zafi da aka sassaƙa wa zane, ya buga masa kaushin kamar hatimi. A foliyesta bugun yakan zauna domin zafi na narkar da zaren ya daskare a haka, a auduga kuwa wanki na iya tafiya da shi. Duk waɗannan kirep ne a suna, kuma ba za a ce mai sayarwa ya yi ƙarya ba. Amma a ganina wanda ya ji an ce kirep ya ɗauka an gaya masa daraja ko ingancin yadi, bai ji komai ba tukuna. Sauran tambayoyi biyu suna nan: da wane zare aka yi shi, kuma kaushin daga murɗi ya fito ko buga shi aka yi.

Akwai zamanin da kalmar ta ɗauki wata ma'ana mai nauyi har ta kusa danne sauran. A Turai, musamman Ingila ta ƙarni na 19, kirep na nufin mutuwa. Turawan Ingila sun aro kalmar tun ƙarni na 17 suka rubuta ta crape, kuma wannan rubutun ya manne wa baƙin yadin makoki. Da suka sake aro ta daga Faransa a ƙarshen ƙarni na 18 don yadin ado, sai suka bar ta da rubutun Faransanci, aka wayi gari suna da kalma ɗaya a rubuce iri biyu, ɗaya ta kuka ɗaya ta kwalliya. Birnin Bolonya na Italiya ne ya daɗe yana riƙe da sana'ar wannan yadi kafin ta yi ƙarfi a Ingila. Dalilin zaɓensa ga makoki shi ne rashin sheƙin nan. Al'adar lokacin ta ɗauki duk wani abu mai ƙyalli a matsayin ado, ado kuwa bai dace da mai baƙin ciki ba, sai aka nemi baƙin da ke shanye haske gaba ɗaya. Kirep na makoki ya bambanta da mai laushin da muka yi bayani: silikin shara-shara ne da ake matsawa da ƙarfe mai zafi, a rina shi baƙi, a ƙara masa danƙo har ya yi tauri. Yana kartar fata, yana da wari, ruwan sama na lalata shi, rininsa na zuba a fuska, kuma matan da ke lulluɓe da shi sun sha kuka da wahalar numfashi.

Duk da haka dole ce ta sa ake saye. Littattafan ladabi na lokacin sun tsara wa matar da mijinta ya rasu shekara guda da kwana ɗaya cikin cikakken baƙi, rigarta kusan a rufe da kirep, sannan a riƙa rage shi mataki-mataki, har a kai watanni shida na ƙarshe da aka yarda ta sa ruwan toka ko shunayya. Jimilla wajen shekara biyu da rabi. Namiji kuwa ƙyalle a hula ko a damtse ya wadatar, abin da ya isa ya nuna wa mai karatu wanda aka ɗora wa nauyin al'adar. Rasuwar Yarima Albert a Disambar 1861 ta ƙara wa abin ƙarfi, domin matarsa Sarauniya Biktoriya ba ta cire baƙi ba har ta rasu a 1901, kuma masu hali da masu son a ce suna da hali duk suka bi sahu. A titin Regent na Landan akwai katafaren kanti, Jay's, da aka buɗe a 1841 ba ya sayar da komai sai kayan makoki. Ana ɗaura kirep a ƙofar gidan da aka yi rashi, a wasu ƙauyuka har a amyar zuma.

Wanda ya fi kowa cin ribar wannan shi ne kamfanin iyalin Courtauld, zuriyar Furotestan Faransa da suka yi hijira zuwa Ingila bayan an soke dokar da ke kare addininsu a 1685. Masaƙunsu a yankin Essex, a garuruwan Bocking da Braintree da Halstead, su suka mamaye kasuwar baƙin kirep, kuma sun ɓoye sirrin yadda suke matsa shi. Da al'adar ta fara sanyi a ƙarshen ƙarnin, suka ga alamar rijiyar za ta ƙafe, sai a 1904 suka sayi haƙƙin sarrafa biskos, zaren da ake yi daga itacen da aka niƙa aka narkar, suka buɗe masana'anta a Coventry a shekarar da ta biyo. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙarasa binne tsohuwar al'adar, domin mamatan sun yi yawan da ba zai yiwu ƙasa ta zauna cikin baƙi shekara da shekaru ba. Kuɗin makoki ne ya gina ɗaya daga cikin manyan kamfanonin zaren roba na duniya, biskos ɗin kuma ya dawo ya zama ɗaya daga cikin zaren da aka fi yin kirep na ado da shi. Ma'anar makokin ba ta mutu gaba ɗaya ba. A Sifaniya har gobe baƙin ƙyallen da ake ɗaura wa tuta ranar juyayi crespón ake ce masa, a Amurka kuma akwai tsohuwar kalmar zolaya ga mutumin da kullum mugun fata yake yi, wadda ma'anarta ita ce mai rataya kirep.

Daga yadi sunan ya yaɗu zuwa duk abin da ya yi kama da shi, kuma a nan ba a buƙatar dogon bayani. Takardar kirep ana yin ta ne ta manna falle a jikin wata babbar ganga mai zafi, wuƙa ta kankare shi, ya tattare cikin ƙananan ninki. Ninkin nan ne ke sa takarda ta yi laushi, ta miƙe, ta sha ruwa, don haka tishu da takardar bayan gida duk sun bi ta wannan wuƙa ko da ba a kiran su da sunan. Tef ɗin da masu fenti ke liƙawa, wanda Richard Drew na kamfanin 3M ya ƙirƙiro a 1925, bayansa irin wannan takarda ce, shi ya sa yake bin lanƙwasa bai yage ba. Robar kirep ruwan itacen roba ne da aka daskarar da asid aka matse tsakanin ƙarafa masu juyawa, ya fito falle-falle a yamushe. Siri Lanka ta yi suna da farar irinta, kuma robar kirep ce a ƙasan takalmin Desert Boot da kamfanin Clarks ya fitar a 1950. Bandejin kirep da ake naɗe targaɗe da shi ya fi su duka kusa da asali, domin miƙewarsa daga murɗin zaren take.

Saura abincin, wanda shi ne bare a cikin dangin, ko da yake yau ya fi su duka suna. Duba kirep da aka yi da kyau: falle ne shimfiɗaɗɗe, mai laushi, mai santsi, kaurinsa ɗaya daga tsakiya har baki. Ina yamushewar? An saba amsawa da cewa gefensa ne ke ɗan tattarewa ya ɗago idan ya ji wuta, kuma haka ne. Amma tsofaffin littattafan girki sun ba da amsar da ta fi gamsarwa. Wani littafin kula da gida da wani dattijon Paris ya rubuta wa amaryarsa wajen 1393, wanda aka sani da Le Ménagier de Paris, ya kawo yadda ake yin crespes. A kwaɓa fulawa da ƙwai da ruwa da gishiri da ruwan inabi, a buga sosai. A sa kitse, ko rabi kitse rabi man shanu, a ƙaramin kaskon ƙarfe har ya fara tafasa. Sannan a ɗauko kwano da aka huda wa rami daidai ƙaramin yatsa, a bar ƙullun ya tsiyaya ta ramin, a fara daga tsakiya a kewaya kaskon, a kwashe a barbaɗa sukari. Ƙullun da ya tsiyaya cikin tafasasshen mai ba ya kwanciya lafiya. Yakan kumbura, ya nannaɗe, ya yi ƙuraje. Wannan abincin ya ci sunansa. Daga baya man ya ragu ya koma shafawa kawai, kaskon ya faɗaɗa, ƙullun ya ƙara ruwa, yamushewar ta gudu ta koma gefe, sunan kuma ya zauna.

Sauran al'ummomin Turai da ke da irin wannan abinci wani abin daban suka duba da za su sa masa suna. Turawan Ingila sun duba kaskon, suka ce pancake. Palacsinta ta Hungari ta samo asali, ta hanyar Romaniyanci, daga kalmar Latin ta abin da aka gasa a shimfiɗe. Blin na Rasha daga niƙa ya fito. Faransawa da maƙwabtansu Italiyawa, masu cewa crespella ga abincin da crespo ga yadin, su ne suka duba fuska.

Gidan kirep a Faransa shi ne Bretanyi, yankin da ya kutsa cikin teku a arewa maso yamma, kuma kada a rikita shi da Birtaniya ko da yake sunayen dangin juna ne. Ƙasar wurin ba ta karɓar alkama sosai, sai wani hatsi da ya zo daga Asiya wajen ƙarni na 15 ya samu wurin zama, domin yana yi a ƙasa marar ƙarfi kuma yana nuna cikin wata uku. Faransawa na ce masa baƙar alkama, ko sarrasin, sunan da Turawan dauri ke kiran Larabawa da Musulmi da shi. A ilimin tsirrai ba alkama ba ne, ba shi ma cikin dangin ciyawa, kuma ba shi da sinadarin nan mai yauƙi da ke sa burodi ya tashi. Garin da ba ya yin burodi dole a nemo masa wata hanya, hanyar ita ce a dama shi da ruwa da gishiri a shimfiɗa a kan faranti mai zafi. Abincin talaka ne na yau da gobe. Kirep na farar fulawa da madara da ƙwai da sukari ya yaɗu ne da alkama ta yi arha.

Ko a can ɗin ba a daidaita kan sunan ba. A gabashin yankin, wajen birnin Ren, na baƙar alkama galette ne, kirep kuwa na fulawa ne mai zaƙi, kuma wanda ya haɗa su za a gyara masa. A yamma, inda harshen Breton, yaren asalin yankin, ya fi ƙarfi, duka biyun krampouezh ne, da Faransanci kuma duka kirep, sai dai a ce na baƙar alkama ko na fara. Kayan aikin ma da sunayensu na Breton ake kiran su har a Paris: billig shi ne faffaɗan farantin ƙarfen, rozell ɗan katakon da ake juya ƙullun da shi a kewaye, spanell kuma doguwar wuƙar da ake ɗagawa da ita. Ƙa'idar aikin ba ta da yawa. Ba a sa yis ko wani abin tashi. Ana barin ƙullun ya huta, fulawar ta sha ruwa, yauƙin da bugu ya tayar ya kwanta, in ba haka ba kirep ɗin ya yi tauri kamar roba. Farantin yakan haura digiri 200, kuma daƙiƙun farko ne kaɗai mai yi ke da su ya baza ƙullun kafin ya kama. A nan bambancin 'yan'uwan biyu ya fito fili: mai yadi yana tara murɗi don ya samu yamushewa, mai girki yana jira yauƙi ya saki don ya kauce mata. Unguwar Montparnasse ta Paris ta cika da shagunan kirep saboda tashar jirgin ƙasan da ke wurin ce ke sauke 'yan Bretanyi masu zuwa neman aiki.

Ranar 2 ga Fabrairu, kwana 40 bayan Kirsimeti, Faransawa na bikin Chandeleur, kuma kirep ake ci. Al'ada ce a riƙe tsaba a hannu ɗaya, a wurga kirep sama da kaskon a ɗaya hannun, in ya faɗo daidai a ce shekara za ta yi albarka. Shahararren kirep Suzette, mai romon man shanu da sukari da lemon zaƙi da barasar da ake cinna wa wuta a gaban mai ci, ya zo da nasa labarin. Wani mai girki, Henri Charpentier, ya ce shi ya ƙirƙiro shi bisa kuskure a 1895 a Monte Carlo, yana yi wa Yariman Wales, magajin sarautar Ingila, hidima. An haife shi a 1880, kuma masana tarihin girki da dama ba su yarda za a bar yaro ɗan shekara 14 ko 15 ya tsaya a kan teburin yarima ba. Ni ma ban ga dalilin yarda ba. Labaran girki da ke farawa da kuskure a gaban basarake sun yi yawa.

Wani reshe na kalmar ya bi hanyar da ta kai shi kishiyar kirep. Turanci ya karɓi crispus kai tsaye daga Latin tun da daɗewa a matsayin crisp, kuma ma'anarsa ta farko ita ce nannaɗaɗɗen gashi. Da yake abin da aka soya ya nannaɗe yakan yi ƙaras-ƙaras, ma'anar ta zame daga abin da ido ke gani zuwa abin da haƙori ke ji, har yau a Ingila soyayyen dankalin leda crisps ne. Rigar da ta sha sitati da guga, wadda babu yamutsi ko ɗaya a jikinta, ita ma crisp suke ce mata. Bretanyi na da abin da ya haɗa rassan biyu, crêpe dentelle ta garin Quimper, wadda ake gasawa har ta bushe a naɗe ta tana da zafi ta zama biskit.

Japan ta nuna cewa wannan tsalle daga yadi zuwa abinci ba sai da Latin ba. Suna da nasu kirep na siliki, chirimen, wanda ake ɗinka kimono da shi, kuma yankin Tango a arewacin lardin Kyoto yana saƙa shi tun 1720 da dabarar murɗi da wankin da aka bayyana a sama. Ƙananan kifayen da suke dafawa su shanya, idan aka baza su da yawa suka bushe, fuskarsu kan yi kama da wannan yadi, sai suka kira su chirimen jako. Kabeji mai yamusasshen ganye ma sunan chirimen yake ɗauke da shi. Kirep na ci kuwa da sunansa na Faransa ya shigo musu, kurepu, ya kafu a unguwar Harajuku ta Tokyo a ƙarshen shekarun 1970, inda ake naɗe shi kamar mazurari a cika da kirim da 'ya'yan itace a ci a tsaye.